Baƙon da Ya Hana Kuka

Ni mace ce mai baki, kowa ya san wannan tun daga gidanmu har ƙaramin asibitin da na yi aikin rigakafi a ƙasar Kabo. In uwa ta kawo min yaro bayan lokacin allurarsa ya wuce, sai na wanke ta tas kafin in buɗe akwatin sanyi, in ta dawo wata mai zuwa mu gaisa kamar ba a yi ba. Matan ƙauye suna cewa allurata ba ta kai bakina zafi ba, ni ma ban musa ba. Amma akwai ranar da na shiga wani ƙauye a bayan Gammo bakin nan nawa ya mutu murus.

Ina da ƙanwa a ƙauyen, 'yar ƙanwar mahaifiyata, a hannuna ta tashi. An kai ta can aure, ta haifi namiji, ta bi shi da mace. Mijinta mutumin kirki ne, sai dai da an gama girbi yake tafiya ci-rani Kudu, ba a ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Gidan yana hannun mahaifiyarsa, wata doguwar tsohuwa mai sanyin murya. Ban taɓa jin ta yi wa kowa tsawa ba, ban kuma taɓa ganin wanda ya ƙetare maganarta ba. Ita ta tsayar da allurar yaran. An yi wa yaron ta farko, cinyarsa ta kumbura, ya yi zazzaɓi, tsohuwa ta ce shi ke nan, ba a ƙara huda mata jika. Na yi faɗa, na yi lallami, na aika, na je da ƙafata. Takan saurare ni har in gaji, ta sa min albarka, ta ƙunsa min busasshiyar kuɓewa in kai gida. Allura dai ba a yi ba.

A bazarar wannan shekarar ƙyanda ta ɓulla. Mu a asibiti sunanta muke kira kai tsaye, mutanen gari kuma su ce baƙon dauro. Labarinta ya fara zuwa daga wajen Lakwaya da Jama'a, kafin mu ankara muka fara ganin namu: ido ja, hanci na zuba, tari, ƙuraje sun taso daga bayan kunne. Daga ƙauyen ƙanwata kuwa ko mutum ɗaya bai zo ba. Wannan ne ya hana ni sakat, don na san yawancin yaran can ba a yi musu rigakafi ba. Na kira wayarta har na gaji, a kashe. Wata safiya na shirya akwatin sanyi, na zuba 'yan magunguna a jaka, na tari ɗan acaɓa.

Da muka iso gindin tsamiyar da ke bakin ƙauyen sai ya kashe mashin ya ce, "Hajiya, a nan zan jira ki."

Na ce, "Ƙato da kai, me kake tsoro da ranar Allah?"

Bai yi dariya ba. Ya jingina mashin ɗinsa, ya zauna ya ba wa ƙauyen baya.

Hantsi ne, lokacin da mata ke kan daka. Duk wanda ya saba shiga ƙauye ya san kunne ke fara isa kafin ido, tun daga nesa kake jin turmi yana amsa wa turmi. Ran nan babu. Na yi ta tafiya ina jin ƙarar takalmina da kiciniyar ƙanƙara a cikin akwati, ba wani abu. Ta kan dangar wani gida na hango turmi a kife, taɓarya a kwance kusa da shi. Gida na gaba ma haka. Babu ƙamshin suya, babu rediyo. A saman ƙofar kowane zaure an soke reshen darbejiya, wani ɗanye, wani ya bushe. Yara suna zaune a inuwa sun miƙe ƙafafu, ba mai wasa. Da can in suka hango akwatina sai su watse da gudu suna ihun ga mai allura nan. Ran nan kallona kawai suka yi. Wata ƙarama ta buɗe baki za ta yi magana, yayarta ta rufe mata shi da hannu.

Hanyar gidan ƙanwata tana bi ta gefen maƙabarta. Na ga sababbin kaburbura, ƙanana, an ɗora musu ƙaya, ƙasar wasu ba ta gama bushewa ba. Na ƙi ƙirgawa, na ƙara sauri.

Na yi sallama yadda na saba, da ƙarfi. Muryata ta faɗa cikin gidan ta dawo min, har ni kaina na ji kamar na fasa wani abu. Tsohuwar ta fito daga ɗakinta a hankali, ta matso har ina jin numfashinta.

"Sassauta murya, 'yar nan," in ji ta. "Muna da baƙo."

Na gane nan take, don kakata ta taɓa ba ni labarin yadda ake yi a zamaninsu, ni dai na ɗauka abin ya bi su kabari. In ƙyanda ta shiga gida, sauke ta ake kamar babban baƙo mai saurin fushi. Ba a kiran sunanta. Ba a daka, wai ƙarar tana sauka a ƙirjin yaro. Ba a soya mai, ba a yi wa yaron wanka, ƙarfe ba ya taɓa jikinsa. Mafi girma duka, ba a kuka. Ko baƙo ya ɗauki rai ba a kuka, don in ya ji sai ya ce ana yi masa gori, ya juyo ya ɗauki wani. Limamin ƙauyen ya sha yin wa'azi a kan wannan, daga baya na ji, amma maza ke sauraro a masallaci, yara kuma suna cikin gida a hannun mata.

Muka gaisa cikin raɗa. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Yaya zafi, lokacinsa ne. Yaya yara, lafiya lau. Yaya mutan gida, lafiya lau. Ban taɓa jin lafiya lau ta tsorata ni ba sai ranar.

A inuwar tsakar gida an shimfiɗa sabuwar tabarma, an ajiye ƙwaryar ruwa a gefenta an rufe da faifai. Na nufe ta zan zauna, sai na ji an riƙe min hijabi.

"Ba taki ba ce," in ji tsohuwar.

Na zauna a ƙasa. Ni da na yi karatun aikin nan, na san abin da ke kawo ƙyanda, na san yadda take bin iska daga ƙirji zuwa ƙirji, wallahi sai da na gyara zama don kada in ba wa tabarmar nan baya.

Sannan ƙanwata ta fito. Ta yi wanka, ta sa tozali, ta ɗaura zanen da take zuwa biki da shi. Tana murmushi. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, sannu da zuwa. Sannu da hanya." Murmushin bai motsa ba, kamar wanda aka ɗinka mata.

Na zaro ledar alawa daga jaka na ce, "Ina mutumina? Yau ba zai zo ya caje min jaka ba?"

Yaron ɗanta ne na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. Kunyar ɗan fari ce, kuma ita ta riƙe ta da gaske. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, in za ta ambace shi sai ta ce wancan. Na sha zolayarta a kai, in ce to wancan ɗin na maƙwabta ne?

Ta ce, "Wancan ya bi baƙo, Yaya. Tun ranar kasuwa." Ta faɗa kamar mai cewa ya tafi kiwo.

Na ce innalillahi, kuka ya taso min daga ciki. Kafin ya fito na ji hannun tsohuwar a gwiwata, busasshe, mai sanyi a cikin zafin nan.

"Haɗiye," ta ce.

Na dubi ƙanwata. Ba baƙin ciki na gani a idonta ba, tsoro na gani. Tana duban bakina, tana duban labulen ɗakinta. Nan na gane ƙaramar tana ciki, kuma ta kamu. Na haɗiye kukan.

Ɗakin duhu ne, an cusa tsumma a taga, zafi kamar gidan burodi. An lulluɓe yarinyar da bargo. Ba ta daɗe da yaye ba, kuma ni na san ta da ƙiba da ƙiriniya. Na yaye bargon na haska ta da fitilar waya. Ƙurajen sun yi baƙi sun haɗe, idanunta sun manne da kwantsa, leɓɓanta sun tsattsage. Ba wannan ya fi tayar min da hankali ba. Numfashinta ne, gajere, da sauri, ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa ciki duk lokacin da ta ja iska, tana wani ɗan nishi ƙasa-ƙasa. Ciwon ya sauka huhu. Na ga yara masu wannan nishin da yawa, na san inda yake kaiwa in aka bar shi.

Na ɗauko jan ƙwayar bitamin da muke matsa wa masu ƙyanda a baki saboda ido, na zaro almakashi zan yanke bakinta. Tsohuwar ta girgiza kai daga bakin ƙofa. Na mayar da almakashin, na cije ƙwayar da haƙori, na matsa wa yarinyar. Na haɗa ruwan gishiri da sukari muka ɗiga mata da ƙaramin ludayi, don cokali ma ƙarfe ne. Duk wannan na san jinkiri ne kawai. Abin da take buƙata yana asibitin Gwarzo, allura da ƙarin ruwa da iskar numfashi.

Na yi faɗa da mutane da yawa a rayuwata, amma ban taɓa yin faɗa da raɗa ba sai ranar. Muka tsuguna mu uku a bakin ƙofar ɗakin, kawunanmu a haɗe kamar masu ƙulla gulma.

Na ce, "Inna, yarinyar nan in ta kwana a ɗakin nan, ba na jin za ta ga gobe. Ki bar ni in kai ta Gwarzo."

"Ba a fita da yaro baƙo yana jikinsa," in ji ta. "Can kuma ƙarfe za su nuna masa."

"An kiyaye duk wannan a kan yayanta?"

"An kiyaye."

"An daka? An soya? Wani ya yi kuka?"

"Ko ɗaya."

"To yana ina, Inna?"

Maganar ta yi nauyi, na sani, kuma da gangan na faɗe ta. Tsohuwar ta juya tana kallon tabarmar da ke tsakar gida. Da ta buɗe baki, muryarta ta ƙara yin ƙasa.

"Ina da ƙuruciyata ya sauka a gidan nan. Ya ɗauke min na fari, ya ɗauke mai bi masa. Uwar mijina ta ce kada in yi kuka, ban yi ba. Uban yaran nan yana kwance a lokacin, ƙuraje har cikin baki. Ya tashi. Kin gan shi da idonki, ƙato. Ki ce min ba haɗiyewar da na yi ce ta bar min shi ba."

Da a asibiti ne da na zazzage mata bayani har sai ta nemi hanya. Amma a nan na ga abin da nake nema daga gare ta. In ta yarda da ni, to ta yarda cewa kukan 'ya'yanta da ta riƙe tun tana yarinya a banza ta riƙe shi. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma bai sake ni ba, ga nishin yarinyar yana zuwa ta bayan labule.

Ƙanwata ba ta magana a gaban surukarta, balle ta sa baki a gardama. Ran nan kanta a sunkuye ta ce, "Inna, numfashinta irin nasa ne. Na ranar ƙarshe."

Tsohuwar ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauki buta. Ta yi alwala a nitse, tana bin kowane yatsa. Ta shimfiɗa abin sallarta a can kusurwar gida, inda in ta fuskanci gabas ƙofar fita tana bayanta. Azahar ba ta yi ba, da saura sosai. Kafin ta tayar da kabbara ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Zan yi nafila. Kuma zan daɗe."

Na ɗaga yarinyar na ɗora wa uwarta a baya, jikinta kamar garwashi, muka ɗaure da majanyi muka rufa mata hijabi. Da muka zo wuce tabarmar nan sai ƙanwata ta ɗan rusuna, ta ce da ita a hankali, "A yi haƙuri." Na kama hannunta na ja ta waje.

Fitarmu daga ƙauyen ta fi shigata muni. Ban san yadda labari ya zaga ba a garin da ba a magana, amma kowane zaure da muka wuce akwai mace a tsaye daga ciki, rabin fuska a waje. Ba wadda ta ce a sauka lafiya, ba wadda ta ce ku dawo. Da muka wuce maƙabarta ƙanwata ba ta juya kai ba. Daga nan na fara jin takun ƙafa a bayanmu, in mun yi sauri ya yi sauri, in mun rage ya rage. Na ce da kaina ba komai ba ne, amma na kasa waiwayawa. Na ji ƙanwata ma ta ji, don farcenta ya nutse a tafin hannuna.

Sai a gindin tsamiya na juya. Wata matashiyar mata ce, ba takalmi a ƙafarta, da goyo. Ba ta gaishe ni ba. Ta kwance goyon, ta zare wa yaron hannun riga, ta miƙo min damtsensa. Na taɓa goshinsa, sanyi lau, bai kamu ba. A tsaye na haɗa maganin na yi masa allurar. Yaron ya callara kuka, kuka na farko da na ji tun isowata, dukanmu muka zabura har ɗan acaɓan. Uwar ta cusa masa nono a baki, ta bi ta bayan gari da sauri tana waige.

Mu uku da yarinyar muka hau mashin ɗaya har Gwarzo. Duk ramin da muka faɗa sai in sa hannu ƙarƙashin hijabin in ji ko tana numfashi.

A asibiti aka karɓe ta da gaggawa, aka ware mata gado a ɗakin masu irin ciwonta, aka sa mata ruwa, aka zura mata robar iska a hanci. Da za a soka allurar farko ƙanwata ta rufe ido tana motsa baki, ban san wa take ba haƙuri ba. Ni kuma na kai rahoto wajen aiki, aka haɗa ma'aikata da maigari da liman aka koma ƙauyen. Wasu ƙofofin sun buɗe, wasu ba su buɗe ba. Duk yamma in na tashi daga aiki sai in wuce Gwarzo.

Kullum a zaune nake samunta, a miƙe, tozali a ido, tana yi wa kowa murmushi. Masu jinya suna yabon dauriyarta, wata kuma ta ce min a gefe ita dai ba ta taɓa ganin uwa mai busasshiyar zuciya irin wannan ba. Ban yi mata bayani ba, harara kawai ta samu. Wata rana ɗan matar da ke gadon kusa ya cika, uwar ta fasa kuka. Ƙanwata ta yi tsalle ta kife a kan 'yarta, ta toshe mata kunnuwa da hannu biyu, har aka fita da matar.

A hankali nishin ya ragu. Aka cire robar hanci. Fatar yarinyar ta fara saɓulewa kamar dusa, idanunta suka buɗe, sai dai na hagu ya fito da ɗan farin ɗigo wanda har yau yana nan. Wata la'asar na shigo na tarar tana zaune a cinyar uwarta tana shan koko, har tana ture kofin in an yi jinkirin ba ta. Likita ya riga ya ce gobe ko jibi za a sallame su.

Ƙanwata ta jira har na zauna, ta matso kusa da kunnena, ko da yake a nan ba wanda ya hana magana.

"Yaya, ya tafi?"

Bayanin ƙwayar cuta ya zo min har bakin leɓe, na mayar da shi. Na ce, "Ya tafi."

"Gaba ɗaya? Ko na yi, ba zai dawo mata ba?"

"Ba zai dawo ba. Wanda ya yi ta sau ɗaya ya gama da ita har abada. Wannan kam na rantse miki."

Ta dube ni ta daɗe, sannan ta miƙo min yarinyar, ta gyara hijabinta, ta fita. Na saɓa yarinyar a kafaɗa na bi ta daga nesa. Ta zaga bayan ɗakin, wajen da masu jinya ke shanya, ta zauna a ƙasa ta jingina da katanga. Da farko ba abin da ya fito. Bakinta a buɗe, kafaɗunta na motsi, amma babu sauti, kamar ta manta yadda ake yi. Sai kuma ta kira sunansa. Tun ranar da aka raɗa masa shi ban taɓa ji a bakinta ba. Ta kira shi da ƙarfi, ta ja ƙarshensa, yadda uwa ke kiran yaro daga wajen wasa in abinci ya sauka. Ta sake kira.

Yarinyar ta ɗago kai daga kafaɗata, tana waige-waige, tana neman ta inda yayanta zai ɓullo.